Yadda Shekarar Fara Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi tsere da 'yan makarantar Safana ba. Ko na so in manta ma, akwai tsofaffi a ƙauyenmu Karare da ba za su bar ni ba.

Zamanin Turawa ne, lokacin da boko yake abin gudu. Dagaci ya aiko cewa kowace unguwa ta ba da yara, mahaifina ya ba da ni, aka tasa mu a gaba zuwa elemantare ta Batsari. A lokacin babu mai takardar haihuwa. Abin da ake yi shi ne, yaro ya ɗora hannun dama bisa kansa ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓo, ya isa shiga makaranta. Sauran yara suna ta miƙa, suna karkata wuya, ni kuwa ina ɗora hannu na cafke kunnen gaba ɗaya (na ɗauka baiwa ce). Malam Sanda, babban malaminmu, ya dubi gajartata, ya rubuta shekara bakwai. Aka ajiye ni a gidan Goggo Hansai, yayar mahaifina, mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin kasuwa.

Tun a makon farko aka gane ni. Aka ja layi da toka, aka hura usur, kafin sauran 'yan aji ɗaya su kai rabi na tsinke zare har na juyo ina kallonsu. Aka sake, haka. Aka haɗa ni da 'yan aji biyu, na zubar da su. Malam Sanda ya riƙe baki ya ce, "Wannan yaro in ya girma, sai dai a haɗa shi da doki." Daga ranar sunana ya koma Barewar Karare.

To, ni mutum ne da yabo ke shiga jikinsa da wuri. Tafiyata ta canza. Aka ɗauke mini shara da ɗiban ruwa, wai kada ƙafafun su gaji. Da muka shiga aji uku sai na daina tsere kwata-kwata, don a ganina babu sa'ana a makarantar. In yara za su yi, ni ke riƙe musu zare ina gyara musu kuskure. Na lura dai waɗanda nake dafa wa kai a da sun fara dafa nawa, amma ban kawo komai a raina ba. Barewa ai ba da tsawo take gudu ba.

Muna aji huɗu aka ce za a yi wasanni tsakaninmu da Safana, a filinmu, kuma Baturen makarantu zai zo da kansa daga Katsina. Tseren yadi ɗari na 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu shi ne babban wasa. Ko gwaji ba a yi ba aka rubuta sunana. Malam Sanda ya faɗa wa hakimi a gaban fadawa cewa wannan kam an gama. Ni kuma na aika Karare cewa duk mai son ganin abin mamaki ya zo. Wallahi suka zo, wasu a kan jakuna, har da makaɗi da kalangunsa.

Mu shida muka tsaya a layi. Kusa da ni wani siririn ɗan makarantar Safana ne daga ƙauyen Zakka, majina ma ba ta gama bushewa a hancinsa ba. Na dube shi da tausayi na ce, "Kai, in ƙura ta yi maka yawa ka rufe ido." Ya ce, "To, Yaya." (Wannan "Yaya" ɗin ma ya isa ya farkar da mai hankali.)

Aka hura usur.

Taku goma na farko ina gaba, kalangu na kiran sunana. Daga nan sai na ga wani abu da ban taɓa gani ba a rayuwata: ƙeyar mutum a gabana a filin tsere. Yaron Zakka ne. Kafin in gama mamaki ƙeya ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Na ce wa ƙafafuna ku tashi mana, suka ce ba su san zancen ba. Ƙirjina ya ɗauki wuta. Na huɗu ya wuce, na biyar ma, wani ɗan ajinmu da aka sa don cika layi kawai, ya wuce yana waiwayena, shi ma abin ya ba shi tsoro. Lokacin da na isa, har an naɗe zaren. Makaɗi ya tsaya da gula a sama, ya rasa abin da zai kaɗa.

'Yan Safana suka fashe da sowa. Na tsaya riƙe da gwiwoyi, ina jin kamar mafarki nake yi. Ni? Na ƙarshe? Na dubi Malam Sanda, ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba. Na ɗauka kunyar ta kai iyaka. Ashe sharar fage ce.

Goggo Hansai, Allah ya jiƙanta, ba ta iya ganin ana yi wa nata dariya ta yi shiru. Ta dire farantin ƙuli-ƙuli, ta ratsa taro, ta tsaya a gaban rumfar manya tana tafa hannu.

"Ku ji tsoron Allah! Dariyar mi ku kai mashi? Yaron ga hwa ba sa'anku ba ne! Shekarar hwara aka haihe shi, ni na yanke mai cibi, muna korar hwara daga gero uwatai na naƙuda. Waɗanga 'yan jiya-jiya za ku haɗa da babban mutum? Da auren wuri ya yi, da yanzu ana zancen suna!"

Kowa a wurin ya san shekarar da fara ta cinye gero. Na ga dattawa suna lanƙwasa yatsu, ni ma na shiga lanƙwasa nawa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Goma sha biyar. Wato ranar da nake zubar da 'yan aji ɗaya ina taƙama, ni ɗan shekara goma sha biyu ne a cikin yaran da ba su daɗe da barin goyo ba. Ba gudu na fi su ba, tuwo na riga su ci.

Bature ya tambayi tafinta me matar take cewa. Na roƙi Allah ya sa tafintan ya rage wani abu, amma na gamu da mai riƙon amana, har zancen cibin bai bari ba. Bature ya buɗe rajista, ya duba, ya kira ni. Ya ɗaga haɓata ya ƙura wa saman leɓena ido, inda wasu 'yan gashi suka fara leƙowa. Ya ɗauki alƙalami ya gyara lamba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Washegari na taka har Karare. Na sami mahaifina yana gyaran ƙotar fartanya, na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, ashe ka san shekaruna?"

Ya ce, "In ban sani ba wa zai sani? Dagaci ya ce a kawo yaro. Yayyenka na riƙe da gona, kai kuwa kunya ɗaya sai ka wuni ba ka fitar ba. Na ga ba ka da tsawo, na ce za su karɓa."

Na ce, "To, gudun fa, Baba?"

Ya ɗago ya dube ni da mamaki na gaske. "Gudu? Ni dai ban taɓa ganin ka yi gudu ba sai in an ce a tafi noma."

Daga baya ni ma na zama malamin makaranta, na shekara da shekaru ina hura usur. Yaron Zakka kuwa, an kai shi Katsina, can ma aka sami waɗanda suka bar shi a baya, ya dawo ya kama kiwon shanunsu. Na ga masu tsinke zare a aji ɗaya da suka zama masu riƙe shi a aji huɗu, na ga kuma masu zuwa na ƙarshe da suka miƙe daga baya. Saboda haka in uba ya kawo mini ɗansa yana rantsuwa cewa ba a taɓa ganin mai gudu irinsa ba, ba na musu. Nakan ce Allah ya raya, mu jira shi nan da shekara biyar. Kafin nan kuma, don Allah, a turo mini goggonsa mu gaisa.