Gatarin da Madaci Ya Haɗiye

Ko tsufa ya ci ƙarfina, ba za ni mance da ranar da aka tsaga madacin Baba ba. Iskar bazara ce ta kayar da shi a bakin gonarmu, kusa da Kamarawa. A shekarar rufin ɗakin Baba ya gaji, sai muka yanke shawara da ƙanena Lawali a tsaga iccen a fidda katako, a yi rufi kafin ruwa ya sauka.

Ni mutum ne mai zullumi (matata ta ce ko randa na rufe sai na koma na duba sau uku). Har takarda na karɓo wurin malamin daji, alhali ba mu muka sare iccen ba. Daga garin Isa muka kira Isiya ofareta, ya zo da injinsa na tsaga katako ɗaure a bayan babur. Ya zagaya gungumen, ya ƙwanƙwasa shi, sannan ya dube mu.

"Kafin in tada inji, akwai ƙarfe cikin iccen ga? Ƙusa, waya, ko mi ne? Sarƙa guda gare ni, kuma ba ta shiri da ƙarfe."

Ni na fara amsawa. Na ce babu. Ban tsaya nan ba, na bi maƙwabtan gona ɗaya bayan ɗaya ina titsiye su, har da Lawali. "Ka tuna da kyau, kai da ba ka da riƙon abu," in ji ni, a gaban jama'a.

Isiya ya datse gungumen gida uku. Ya tsoma zare cikin baƙin mai, aka ja, ya ɗaga ya saki, layi ya fito sambal. Inji ya ɗauki ruri, jan gari na tashi, falanki na faɗuwa gefe. Baba na zaune kan tabarma yana sa albarka.

Sai da aka mirgino gida na uku, inda iccen ya rabu reshe biyu, sannan na tuna. Ina ɗan shekara goma sha biyu na ɗauki gatarin Baba ba da izini ba, na karya ƙotar. Tsoro ya sa na hau madacin nan na cusa ruwan gatarin a tsakanin rassan. Da aka nema aka rasa, Lawali aka zane, don shi aka saba gani da ɓarna. Ina tsaye ina kallo. Shekaru suka wuce, ɓawo ya rufe wurin, ni ma na rufe zancen har ya ɓace mini.

To, yanzu fa? In yi magana, ni da na gama yi wa mutane shari'a da safe? Sai na shiga lissafin banza. Na ce ƙila tsatsa ta cinye shi. Na ce ƙila layin ya kauce masa. Na riƙa zagaye Isiya kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

"Malam, gusa baya hwa," ya ce. "Ko kai za ka karɓi injin?"

Na gusa. Bakin inji na ta matsawa. Da ya rage kamar taƙi guda, bakina ya buɗe da kansa, na kurma ihu: "Gatari!"

Ihun da ƙarar tare suka zo. Tartsatsi ya tashi, sarƙa ta tsinke ta zabgi Isiya a ƙwauri. Allah ya taƙaita, yanka ne, bai kai ƙashi ba, amma jini ya jiƙa masa wando. Aka ɗaure da rawani. Yana cije baki ya sa aka fasa wurin da gizago, sai ga baƙin ƙarfe kwance cikin jan icce.

Baba ya karɓa ya jujjuya. "Wanga ai gatarina ne." Ya ɗago kai. "To kai, ƙaƙa ka san gatari ne tun ba a gan shi ba?"

Lawali ya dube ni, gemunsa har ya fara furfura, ya ce a hankali, "Yaya, ashe kai ne. Kwana uku ban zauna ba."

Da ƙasa za ta tsage, da na gode mata.

Sarƙa sai daga Sakkwato, ƙafar Isiya kuma ta ɗauki makonni. Ruwa ya riga mu. Rufin bai samu ba a shekarar, Baba ya yi damina a ɗakin Lawali, Lawali da iyalinsa suka matsu a ɗaki guda. Wato sau biyu ya ɗauki hukuncin gatarin nan. Na nemi gafarar su ukun, sun yafe, amma har yau in na ga tabon Isiya sai in sunkuyar da kai. Minti biyar na kunya na guje wa.

Lawali ya sa wa gatarin sabuwar ƙota. In na je aro yana ba ni, sai dai ya bi ni da, "Yaya, a hannu za ka maido shi, kar ka ba icce ajiya."

Ni kuwa na koyi abu guda: in aka tambayi wa ya yi ɓarna, kafin in fara zagayen maƙwabta, nakan zauna tukuna in titsiye kaina.