Yadda Za Ka Kori Surukinka Ranar Lahadi da Akwatin Wayfai

In surukinka tsohon alƙalin ƙwallon Amurka ne, kuma ya mai da falonka filin wasa, kwantar da hankalinka. Dabarar nan tabbatacciya ce. Maƙwabcina Lamont Pruitt ne ya gwada ta a nan garin Dayton na Amurka, ni kuma na bi diddigi na tsara maka.

1. Ka tabbatar ka gaji

Kowace Lahadi da an tashi daga coci, Orville Tackett, mahaifin Renita matar Lamont, zai iso da usur a wuya, ya baje a kujerar maigida. A wurinsa duk alƙalan da ke talabijin makafi ne. Ranar da Lamont ya ɗauki fiffiken kaza kafin a yi addu'a, tsohon ya jefa masa rawayan ƙyallen da alƙalai ke jefawa in an yi laifi, ya faɗa a faranti.

"Ka motsa kafin a busa, yaro. Koma baya."

In kai ma an kai ka nan, mu je.

2. Ka nemo naka usur

Kowace ƙungiya sau uku take iya tsai da agogo kafin hutun rabin lokaci. Alƙali kuwa nasa ba ya ƙarewa. To a gidanka akwatin wayfai ne alƙali. Shiga saitinsa ta wayarka, ka nemo inda ake yanke wa talabijin wa'adin zama a intanet, ka tsuke shi sosai. Ka ga ba kai ka kori dattijo ba, na'ura ce.

3. Ka fi shi jin haushi

Da hoto ya daskare, ƙwallo na sama ana dab da cafewa, Lamont ya miƙe ya dafe kai.

"Kamfanin nan zai kashe ni, Baba. Gobe da safe zan kira su."

Ka zagaya akwatin, ka ɗan bubbuga shi. Ban da murmushi, matarka tana hango ka daga kicin.

4. Ka jira ya ɗauki hularsa

Orville dai bai ɗauka ba. Ya haɗa hannuwa alamar an tsai da wasa.

"Ba komai, ɗana. Kafin ya dawo, tashi in nuna maka yadda na kashe rigimar wasan ƙarshe na 'yan sakandare, ana tafka ruwan sama."

Ya tsayar da Lamont a gefen darduma a matsayin mai laifi, ya mai da tebur kocin da ke ihu. Hoto ya dawo, ya sake ɗaukewa, labari ya ɗora daga inda ya tsaya. Mutumin da ke tafiya da an busa tashi, ran nan sai da ya ci abincin yamma har da ƙari.

5. Kada ka tambayi matarka komai

Lamont ya tambaya. Suna wanke-wanke ya ce, "Wai Baba ba shi da talabijin a gida ne?"

"Yana da shi, ya ma fi namu girma," in ji Renita. "Tun da Mama ta rasu bai kunna ba. Ya ce ba daɗi mutum ya yi ta masifa ba mai ce masa ya yi shiru." Ta miƙa masa faranti ya goge. "Saitin da ka taɓa kuma, ni ma ina da lambar shiga."

6. Ka mayar da komai yadda yake

Lamont ya mayar, ya ƙaro fiffiken kaza a cefane. Lahadin da ta biyo baya hoto tangaran, ko gezau. Tsohon ya yi ta kallo har aka kusa hutun rabin lokaci, sannan ya waiwayo.

"Sun gyara ke nan?"

"Sun gyara, Baba."

"Kash. Ai ban gama maka labarin ba."

Ya sunkuya bayan talabijin ya zare wayar akwatin wayfai daga bango, ya nuna wa Lamont gefen darduma.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari a tsaye a falonsa ana busa masa usur, da shi da surukinsa. Kada ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ba na nan.