Ranar Da Na Kashe Dakta Bulus Da Turanci

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ɗaliban sashenmu suka shirya wa Dakta Bulus taron bankwana, lokacin ina aji biyu a jami'a a nan Wudil. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ni ɗan Lajawa ne, kuma na shigo jami'a da Turancin da bai wuce na gaisuwa da neman izinin fita ba. Da na ji yadda 'yan birni ke zuba shi kamar ruwan famfo, sai na ce wallahi ba za a bar ni a baya ba. Na shiga wani zauren WhatsApp da ake turo manyan kalmomi kullum da safe, kowace da ma'anarta da jimlar misali. Ni kuwa ma'anar ba ta dame ni ba, tsawon kalma nake dubawa. In ta cika baki, to ta yi. Kafin zango ya ƙare an sa mini suna Ƙamus (ni a lokacin na ɗauka yabo ne).

Dakta Bulus dattijo ne mutumin Filato, ya daɗe yana koyarwa, ga barkwanci, ga son ɗalibai. Da zai yi ritaya aka ce ni zan yi jawabi in miƙa masa lambar yabo. Abin ya zo mini daidai, don ina neman shugabancin ƙungiyar ɗalibai kuma zaɓe ya matso.

Ina da wata kalma da na daɗe ina tanadi: posthumous. A jimlar misalin an ce an ba wani soja posthumous award. Na zauna na yi nawa lissafin: post ai muƙami ne, ke nan lambar da ake ba wanda ya bar muƙaminsa. Ga Dakta zai bar nasa. Har na yi mamakin kaifin basirata.

Ranar taro ɗaki ya cika, malamai a gaba, Dakta da mai ɗakinsa Mama Rifkatu a tsakiya. Na sha shadda, na karɓi makirufo, na yi ta jera kalmomi ana tafi. Daga ƙarshe na ɗaga lambar sama na ce:

"Sir, we present to you this posthumous award!"

Sai ɗaki ya yi tsit. Wanda ya fara tafi ya tsaya da hannu a buɗe. Na ɗauka makirufo ne ya ɗauke, na bubbuga shi, na maimaita da ƙarfi, har ina rarrabe gaɓoɓin kalmar don na baya su amfana.

Mama Rifkatu ta dafe ƙirji ta ce, "Ba amin ba, ɗan nan! Ba amin ba!"

To, a nan kaina ya fara ɗaurewa. Wace addu'a na yi da za a ce ba amin ba? Na dubi lambar ko an yi kuskuren rubuta suna. Daidai yake. Na dubi rigata ko wani abu ya zube. Ba komai.

Dakta ya miƙe a hankali, ya kama tsintsiyar hannunsa kamar likita mai duba bugun jini, ya ce, "Ɗana, yaushe aka yi rasuwar? Ba wanda ya sanar da ni."

Na manta makirufo na bakina na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yallaɓai, wa ya rasu?"

Jama'a, ɗakin nan kamar zai tsage. Shugaban sashe ya cire tabarau yana share hawaye. Wani ya zame daga kujera. Ni kuwa ina tsaye da lamba a hannu, ina ta waige-waige, ina mamakin mutanen da ake maganar mutuwa suna dariya.

Sadiya, 'yar ajinmu da ke layin gaba, ita ta ji tausayina. Ta taso ta ja hannun rigata ta raɗa mini, "Kai Ƙamus, lambar da ake ba mamaci ce. Ka kashe Dakta sau biyu." Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Dakta dai ya karɓi lambarsa, ya rungume ni, ya ce shi ne mutum na farko da ya halarci irin wannan karramawa da ƙafarsa. Zaɓe kuwa na sha ƙasa. Har ƙarshen zangon duk wanda na gamu da shi sai ya rusuna ya ce, "Ya haƙuri?" Da na je gida hutu na tarar labarin ya riga ni isa, har Inna tana tambayata wane malami ne aka ce na yi wa mugun baki.

Tun daga ranar na gane kalma kamar baƙuwa take. In ba ka san gidansu ba, kada ka riƙo hannunta zuwa taro, don ba ka san abin da za ta faɗa a gaban manya ba.