Kular Ƙasa a Gidan Ango

Komai na jami'a zan iya mantawa, amma ba zan taɓa mantawa da dogon hutun da na yi a Haɗeja ba, ina aji uku. Malaminmu ya zaɓe ni aikin bincike: in ɗebo ƙasar wani kurmi a fadamar Guri, in ɗebo ta gonakin shinkafar da aka sare daji aka yi, a gwada ƙananan halittun da ke cikinsu. Ni kuwa kai ya kumbura, har safar hannu nake sawa in zan gaida mutane.

Na ƙulla ƙasar a ƙananan ledoji, na jera da ƙanƙara a jar kular Gwaggo, wadda na sauka a gidanta. Na yi sa'a, domin ina gamawa ruwa ya shanye kurmin, ba mai sake taka shi sai baɗi. Abin da ban lissafa ba, a makon ake bikin 'yar Gwaggo, kuma jajayen kuloli sun cika tsakar gida (kowace mace a unguwar da irinta).

Ranar kai amarya da la'asar na buɗe kulata zan ƙara ƙanƙara, sai ga funkaso yana tururi. Innalillahi! Tawa ta bi abincin gidan ango.

Na haye babur, ko ɗankwalin anko ban ɗaura daidai ba. Na tarar da mata sun yi cirko-cirko, uwar ango na zaune, kular a gabanta an rufe da sallaya.

"Ke ce mai ƙulle-ƙullen nan?" in ji ta. "Ƙasar ina ce kuka aiko wa ɗana?"

Mai hankali haƙuri zai bayar. Ni sai na gyara tsayuwa kamar ina gaban aji.

"Hajiya, ba ƙasar banza ba ce. Daga can cikin kurmi na ɗebo ta, inda ba a cika shiga ba. Cike take da halittun da ido ba ya gani, kuma a raye suke. Shi ya sa nake ba su sanyi."

Wata tsohuwa ta saki salati. Wadda ke kusa da ni ta ja ɗanta baya.

Sai da Gwaggo ta zo da kanta, ta yi ta rantsuwa cewa karatu ne ya yi mini yawa, sannan aka yarda amarya ta tare. Da ƙura ta lafa na ɗaga sallayar. Wayam! Tun kafin in iso Hajiya ta sa an zazzage ledojin a kogi daga kan gada. Wallahi a nan na zauna na yi kuka, shekara guda ta bi ruwa.

Da shekara ta zagayo na koma na ɗebo wata, na kuma ci jarrabawata da kyau. Har gobe ina kan bakana, duk abin da na faɗa wa Hajiya gaskiya ne. Na dai gane ba kowane tsakar gida ne aji ba. Kulata yanzu shuɗiya ce, da kwaɗo, kuma ko biki nawa za a yi a danginmu, ba mai cewa in ɗauki abinci.