Kunnuwan Gidan Su Kabiru

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da hantsin da bakina ya kusa kashe mini aure tun ba a sa rana ba.

A lokacin ina aiki a shagon hoton Kawu Lawal, ƙanin mahaifiyarmu, a bakin titin da ya bi ta kasuwa, ba nisa da rijiyar Kusugu a Daura. Shekarun da aka fara Shari'a ne. Magidanta suka soma kishin a ce namiji ne zai tsaya gaban matansu yana cewa "ɗan karkato kai, ɗan yi murmushi," ciniki ya ja baya. Kawu kuwa akwai dabara. Ya kira kafinta ya raba shagon biyu da katako, ya rataya labule a ƙofar ciki, ya ce nan ne ɓangaren mata. Daga nan ya zo gida ya roƙi Inna ta ba shi aron ni, tunda na gama sakandare ina zaune, ba aikin fari ba na baƙi, sai surutu.

Cikin 'yan makonni na iya sa fim a kyamara, na iya saita fitila mai laima, na san inda zan zaunar da mace haske ya faɗa mata a fuska. Muna da ƙyallen bango mai zanen gidan bene da ƙorama, da kujera mai laushi, da furen roba, da wani kan tarho da bai taɓa ganin waya ba tun da aka ƙera shi. (Mata sun fi son wannan tarhon. Sai ka ga baiwar Allah ta kara shi a kunne tana kallon sama, kamar daga Jidda ake kiranta.) In fim ya cika, Kawu ya kai Katsina a wanko.

Matsala ɗaya ce. Mutanenmu ba sa dariya a hoto. Mace za ta shigo tana raha da shewa, da zarar ta zauna gaban kyamara sai ta haɗe rai kamar wadda aka kawo wa sammaci. Fim kuma ba irin wayar yanzu ba ne da za ka goge ka sake. Ka danna, ka danna ke nan. Shi ya sa na ƙirƙiro tawa hikimar. Akwai allon da muke manna hotunan samfuri a jikin katakon nan, sai in nuna ɗaya in ɗan yi masa tsiya, mace na tuntsirewa in danna. Har yabona aka riƙa yi a gari, wai 'yar Kawu Lawal ko gunki ta samu sai ya yi murmushi. Kai ya kumbura mini.

A tsakiyar allon akwai hoton Kabiru.

Kabiru ɗan Mashi ne, yana sayar da kayan babur a layin bayanmu. Da sunan ɗaukar hoton fasfo ya fara zuwa, ya yi ta dawowa har Kawu ya tambaye shi ko ƙasashe nawa yake shirin zuwa. Mutum ne mai sanyi, mai kunya, maganarsa ba ta cika cokali ba. Har ga Allah ina son sa. Sai dai Allah ya hore masa kunnuwa. Ba ina nufin kunnuwa irin na kowa ba. In ya sa hula, a kansu take zama ta huta.

Magana ta riga ta je gaban manya. An ce mini matan gidansu za su zo su gan ni, amma ba a faɗi rana ba. Ni kuma na ɗauka gida za su zo, don haka a gida na yi shiri. Na koyi sunkuyar da kai, na koyi amsa gaisuwa da muryar da ko sauro ya fi ta ƙarfi. Wannan kunyar tawa a ɗaki nake ajiye ta in zan tafi shago.

Ranar ina zaune na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ina taunar cingam har da ƙas-ƙas, sai mata biyu suka ɗaga labule da sallama. Ɗaya dattijuwa ce doguwa, siririya, ta yafa mayafi kan ɗankwali, fuskar nan ba wasa. Ɗayar ba ta kai ta shekaru ba, gajera mai jiki, idonta kaɗai ka kalla ka san dariya ba ta yi mata wuya.

"Sannunku, Inna. Hoto ne?" na ce, ko tashi ban yi ba.

"Hoto ne," in ji gajerar. "Yayata za a ɗauka."

Dattijuwar kuwa ta tsaya ƙyam. Ta dai dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ta sake dubawa daga silifa zuwa ɗankwali. Na ce a raina, mutanen ƙauye ne, ba su saba ganin mace da kyamara ba. (Ku ji fa. Ni ce ma nake tausaya musu.)

Na zaunar da ita gaban gidan benen, na gyara mata mayafi, na kama haɓarta da yatsuna na ɗaga. "Inna, a ɗan saki fuska mana. Ba kotu aka zo ba."

Fuskar nan ba ta saki ba.

Na nuna hoton wani Alhaji mai tumbi da ya tsaya ya riƙe furen roba, na ce ku dubi wannan, ko wata nawa ne cikin. Gajerar ta ƙyalƙyale. Dattijuwar ko gezau. Na nuna na wata amarya da aka shafa wa hoda har ta koma kamar an tsamo ta daga buhun fulawa. Gajerar ta riƙe ciki. Dattijuwar ta ci gaba da kallona kamar mai karanta allo.

Abin ya zame mini gasa. Ni da ake yabo a gari, wata tsohuwa ta zo ta karya mini suna? Sai na zaro makamina na ƙarshe, wanda bai taɓa ba ni kunya ba. Na ɗora yatsa kan hoton Kabiru.

"To Inna, ga wannan. Don Allah dubi kunnuwa, kamar an kafa faifai biyu a jikin tulu. In ya hau babur ba ya buƙatar birki, iska ce ke riƙe shi."

Gajerar ta zube kan benci tana dariya har da hawaye. Da ƙyar ta iya cewa, "'Yan nan, kin san shi ne?"

"Na san shi? Ai nemana yake yi!" Na ga gefen bakin dattijuwar ya ɗan motsa, na ce yauwa, kifi ya kusa kama ƙugiya. Na koma bayan kyamara, na ɗora yatsa kan maɓalli, na ƙara wuta. "Ni abin da ya dame ni ɗaya ne, ina so in san inda ya gado su. Wajen uwa ne ko wajen uba? Don duk wanda ya ba shi wannan kaya, wallahi bai yi masa rowa ba."

Gajerar ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Yaya, yarinya ta yi tambaya. A ba ta amsa mana."

Dattijuwar ta ɗaga hannu a hankali, ta zame mayafinta baya, ta ɗage gefen ɗankwali.

Jama'a, ga kunnen Kabiru nan. Shi ne sak, har lanƙwasar saman. Yatsana ya danna da kansa, fitila ta yi walƙiya, cingam ya wuce mini maƙogwaro ba sallama.

"Wajen uwa ne," ta ce, a natse. "Mahaifinsa ɗan ƙaramin kunne gare shi."

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji gyaran murya daga bayan katako. Katakon nan, na manta ban gaya muku ba, bai kai silin ba, ko atishawa aka yi a ɓangaren mata ana yi wa mutum addu'a a na maza. Muryar Kawu ce, can ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya gaji da duniya.

"Ke, in kin gama, ki kawo wa Hajiya ruwa. Mahaifiyar Kabiru ce da ƙanwarta, Gwaggo Ladi. Shi ma ga shi nan zaune kusa da ni, shi ya rako su."

Ƙofa ɗaya ce a shagon, kuma ta gaban Kabiru ta bi. Taga babu. Ban san lokacin da na faɗa bayan ƙyallen bango ba, na lafe tsakanin gidan bene da gini, ƙura na shiga mini hanci, ina roƙon ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba.

"Fito, 'yata," in ji Hajiya. "Ƙafafunki na waje."

Abin da ya biyo baya a gida ba sai na faɗa ba. Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe, ta ce ita dama ta san wannan bakin sai ya ja mana abin faɗa a Daura. Kawu ya daina yi mini magana sai da ido. Wanda ya fi damuna shi ne Kabiru. Ya ɗauke ƙafa ɗif. In zai je masallaci ma sai ya zaga ta wani layin. A nan na gane ba wasa nake son sa ba, don tuwo ma ya daina wuce mini.

Ana haka fim ya dawo daga Katsina. Kawu ya zaro hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini. Tun da na fara aiki ban taɓa ɗaukar mai kyansa ba. Hajiya ta ɗan karkata, hannu a ɗankwali, ido na ƙyalli, murmushi ya kufce mata a gefen baki. Kunnen kuma ya fito tas, haske ya zauna masa daidai.

Inna ta ce a sa shi a firam. Ta haɗa ni da yayarta da ƙullin goro, muka shiga mota sai Mashi ban haƙuri. Tun daga zaure nake rarrafe. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Hajiya, na miƙa hoton da hannu biyu, na buɗe baki in yi jawabin da na haddace a mota, sai kuka ya riga shi fitowa.

Hajiya ta karɓa ta duba, ta miƙa wa Gwaggo Ladi, wadda ta fara dariya tun kafin ta kalla.

"Share hawayenki," in ji Hajiya. "Ni ganin ki na je yi, kuma na gani. Da gida na same ki, da sunkuyar da kai za ki yi mini in dawo ban san wadda zan zauna da ita ba. Yaron nan ba ya magana," (ɗan fari ne, ba ta kama sunansa) "in aka haɗa shi da wata shiru-shiru, gidan sai ya koma maƙabarta. Amma ki saya wa bakin nan linzami. Ba kowace uwa ce za ta yi dariya ba."

Shi gogan ya fi wuyar sha'ani. Sai da Gwaggo Ladi ta sa baki sannan ya dawo zance. Ya zauna a kan tabarma ya yi shirunsa na gado, ni ma na yi nawa na aro. Can ya ɗago ya ce, "Wai da gaske iska ke riƙe ni?"

Na ce, "Don Allah ka yi haƙuri."

Ya ce, "Ba komai. Amma dai ina sayar da birki, kada ki kashe mini kasuwa."

Bayan girbi aka ɗaura auren. Na ci gaba da aiki a shagon Kawu har zuwa lokacin da kowa ya samu kyamara a aljihunsa, sana'ar ta kwanta. Linzamin da Hajiya ta ce in saya, gaskiya har yau bai gama zama a bakin ba, na dai rage. Abin da na riƙe shi ne, kafin ka auna kunnen wani, fara duba na wanda ke sauraren ka.