Ranar Da Na Ɗanɗana Ƙasar Gindin Gawo

Ko zan manta da sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da na ci ƙasa a gaban gari guda ba. Kuma ku sani tun yanzu, ba haƙuri na zo bayarwa ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka turo ni daga Dogon Dutsi zuwa wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa, in zaɓi filin da za a dasa itatuwa. Da can Bature ke wannan aiki, kuma da zai tafi ya faɗa a kunnena cewa ko bedi ɗaya, wato itacen dogon yaro, ba za mu iya rayawa ba. Maganar nan ta tsaya mini a rai. In dashen ya mutu, zancensa ya tabbata, ni kuma aikina ya tafi.

A lakkwal, wato makarantar boko, an koya mana rarrabe ƙasa: jigawa mai rairayi, fako mai tauri, fadama mai laka. In kana shakka, sai ka sa 'yar kaɗan a baki, haƙora su gaya maka yawan rairayinta. (Manoman nan da tafin ƙafa suke gane duk wannan, amma wa ya tambaye su? Ni fa nake sanye da kaki.)

Muka yi ta yawo cikin jigawa fara fat, sabara nan, kalgo can, jama'a na biye da ni. Sai ga wani fili a gindin gawo, ƙasarsa baƙa wuluk. Na durƙusa na fara jawabi, wai nan tsohon kurmi ne, ganye ya yi ɗaruruwan shekaru yana ruɓewa cikin rairayi. Wani dattijo, Baba Gado, ya kira ni da laƙabin Faransanci da ake yi wa ma'aikata, ya ce, "Mushe, dakata in gaya maka." Na ɗaga masa hannu (ni, da ko gemu ban tara ba!), na dumbuza, na kai baki, na tauna har da lumshe ido.

"Ɗana, wanga wuri ba kurmi na ba," in ji shi. "Nan munka saba ɗamre jakkai ran kasuwa, tun ubanka bai yi aure ba."

Wayyo! Wata mata sai da ta sauke tulunta don ta samu ta yi dariya da kyau. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nitse. Amma in tofar a gabansu? Faufau! Na haɗiye abina, na karkaɗe hannu, na ce, "To, Baba, jakunan sun yi aikin kirki. Nan za a dasa."

Aka dasa, kuma bedin ya kama. Har yau in na shiga ƙauyen, "Mushe Ci-ƙasa" suke kirana, ni kuwa ina amsawa da ƙarfi, don a inuwar itatuwana suke zaune suna tsokanar. Abu ɗaya dai na koya: in tsoho ya ce dakata, ka dakata tun hannu bai kai baki ba.