Gonata a Cikin Ɗakin Yaya Lawal

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na yi noma a cikin ɗaki ba. Na so in manta, mutanen Gozaki ne ba su bari ba.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na bi motar hatsi na bar garinmu. Na yi dako a Legas, na yi gadi a Fatakwal, na kwana a ƙarƙashin tirela, an sare ni sau biyu ban mutu ba. Wannan duk na sani. Abin da ban sani ba shi ne gona. Ɗan manoma, jikan manoma, amma ban taɓa yini guda da fartanya a hannu ba.

Da na gaji na dawo gida, ba wanda ya yi murnar ganina sai yayana, Yaya Lawal. Shi ya kama hannuna ya kai ni gaban mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne. Ya natsu. In ya yi wani abu, ni za a tambaya." Ya ba ni ɗakin da ke manne da siton masararsa. Ya ce in ruwa ya sauka zai yanka mini gefe a gonarsa. Na ce to. A raina kuwa na ce ni ba zan iya duƙe-duƙe ba.

A tashar Funtua na haɗu da wani kwandasta da ake ce wa Dogo. Ya ce, "Oga, kai da ka ga duniya za ka tsaya noman dawa? Akwai abin da ake nomawa a ɗaki, wata uku ka sayi babur." Ya kwance wani ƙullin leda, ga wasu 'yan iri baƙi-baƙi. Ya rage murya ya ce, "Wiwi ce. Daga kudu aka kawo."

(Ni ban taɓa shan ta ba, ƙirjina ba ya ɗaukar hayaƙi. Ganyenta ma a jikin hular 'yan tasha kawai na san shi, mai yatsu kamar hannu.)

Na saya. Ko tambaya ban yi ba, kada ya ce ban waye ba.

Na tara tsofaffin bokitai da buhunan siminti, na cika su da ƙasa da kashin awaki, na jera a ɗakin. Tabarmata na mayar zaure, na ce zafi ya dame ni. Abin ya tsiro, amma sai ya yi fari fat, ya miƙe siriri kamar mai jinya. Na gane rana yake nema. Sai na hau sama na cire fallen kwano biyu, na shimfiɗa farar leda a gurbin. (Ɗakin ƙasa ne. Cikin watan ruwa. Ku dai bar ni kawai.)

Ganyen farko ya fito ba yatsu. Na koma wurin Dogo da fushi. Ya ce, "Haba oga, kai da gemunka aka haife ka? Ka ba ta lokaci." Kuma bayan 'yan kwanaki ganyen sama ya fara tsagewa gida biyar, sak na jikin hular nan. Ranar na taka rawa ni kaɗai a tsakanin bokitai. Har launin babur na zaɓa.

Matar Yaya, Hinde, ita ta fara sa ido. "Wai me ka ajiye a ɗakin nan da kake kai masa ruwa safe da yamma? Amarya ka ɓoye mana?" Na ce magani nake haɗawa. Ta ce, "To Allah ya ba da lafiya," tana kallon makullin da ke wuyana.

Wata safiya Yaya ya tsare ni a zaure zai tafi gona. Ya ce, "Akwai abin da ya kamata in sani?" Na dubi tsakiyar idonsa na ce, "Babu." Ya ce, "To." Ya saɓa fartanya ya fita. Na yi ƙarya da yawa a rayuwata, wannan ce kaɗai take hana ni sakat.

Sai aka yi ruwan kwana uku. Ledar ta yage. Bangon da ke tsakanin ɗakin da sito ya sha ruwa ya ƙoshi. Hinde ta shiga ɗibar masara ta tarar da buhunan da ke jingine a wajen sun yi funfuna, wasu har sun tsira. Masarar da gidan zai ci kafin kaka ke nan. Ta fasa ihu. Maƙwabci ya leƙo ta kan katanga, ya hango kore shar yana leƙe ta ramin rufi. Kafin la'asar ga mai unguwa, ga 'yan sintiri biyu da gorori, ga rabin unguwa a bayansu. Aka kira Yaya daga gona.

Mai unguwa ya ce, "Buɗe."

Ni kuma sai na ga ai namiji ba ya jira a kama shi. Na tsaya a bakin ƙofa, na buga ƙirji, na ɗaga murya yadda na bayan katanga ma za su ji.

"Ba sai an wahala ba. Wiwi ce. Ni na shuka, Yaya bai sani ba. A kai ni inda za a kai ni."

Aka ɗauki salati. Wata mata ta janye 'ya'yanta. Na buɗe.

Ga ta nan, ta kai rufi, ta yi manyan furanni ruwan madara masu jan ciki. Sai Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, ta ture 'yan sintiri da sandarta ta shiga. Ta tsinki ganye, ta murza, ta sa a baki.

"Gwaggo, ki tofar!" na ce.

Ta ci gaba da tauna. "Ɗan nan, wannan ce wiwin?"

"Ita ce."

"Rama ce."

Na ce, "Daga kudu aka..."

"Rama ce, ɗan banza! Ga ta can bayan katanga tana fitowa ba wanda ya roƙe ta. Hinde, kawo ƙwarya, a nemo ƙuli."

Ɗaya ɗan sintirin ya yar da gora ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki don dariya. Mai unguwa ya rufe baki da hannun riga, ya ce, "To, a iya sanina dai hukuma ba ta hana rama ba." Wani daga baya ya ce, "Oga, a ɗaura mini ƙulli biyu, ina so in bugu!" Mata suka shiga suka tsinke ganyen tas. Wani dattijo ya kwashi karan, wai zai yi igiya. Girbina ke nan. Da yamma gida biyar suka ci kwaɗon rama, har aka aiko mini da nawa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba.

Da jama'a suka watse, Yaya ya shiga sito ya daɗe. Ya fito ya miƙo mini hannu.

"Makullin."

"Yaya, ai ka gani. Rama ce."

"Na gani. Amma kai ba rama ka shuka ba."

Na cire igiyar daga wuyana na ba shi. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ya mare ni ma da ya fi mini sauƙi. Washegari na naɗe tabarmata.

Yanzu dako nake yi a kasuwar hatsi ta Funtua. Duk mutumin Gozaki da ya hango ni sai ya kwaɗa kira, "Sarkin noman ɗaki, ya amfanin bana?" Wannan ba ya damuna, na ji abin da ya fi shi. In Yaya ya kawo kaya, ni nake rige kowa in sauke masa. Yakan ce mini "sannu", irin sannun da yake yi wa kowane ɗan dako.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mutum yana iya rasa gidansu a kan laifin da bai ma iya aikata shi ba. Kuma in za ka amsa laifi a gaban jama'a, ka bari a buɗe ƙofar tukuna.